Ranar da Mama ta ce in ɗora mata hannu

Ina gaida edita da duk masu bin wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan, yau kuma na ga ya dace in kawo nawa. Ba zan kama sunan kowa ba, domin yawancin waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma 'yan gidanmu ne.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara talatin da biyu, ban yi aure ba. Ina aiki a wani kamfanin jigilar kaya a Al Khabaisi, nan Dubai, ni ke shirya wa 'yan kasuwa takardun kwantenar da suke aikawa Legas da Kwatano. A Jos aka haife ni, Hausa muke yi a gida, kuma mu Kirista ne. Sai dai cocinmu ba irin wanda yawancin masu karatu suka saba gani ba ne. Mu ne mutane ke kira 'yan Mormon. Babanmu malamin firamare ne, shi ya fara karɓar wannan hanya ina ɗan shekara huɗu, Mama ta bi shi, aka yi musu baftisma rana ɗaya. Na tashi a gidan da ba a shan giya, ba a shan taba, ko ganyen shayi da kofi ba sa shiga. Mu biyu iyayenmu suka haifa, Yayata mace sai ni.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mai karatu ya sani game da wannan addini kafin ya fahimci laifina. Na farko, a wurinmu duk namijin da ya tsare kansa ana ba shi matsayin firist, ba sai ya zama fasto ba. Idan wani ba shi da lafiya a gida, maigida ko ɗansa kan ɗiga masa man zaitun da aka tsarkake a ka, ya ɗora masa hannu, ya sa masa albarka. Na biyu, mun gaskata cewa auren da aka hatimce a haikali, wato ɗakin ibada na musamman da ya bambanta da coci, mutuwa ba ta raba shi, miji da mata da 'ya'yansu za su sake zama iyali a lahira. Ina da shekara goma sha biyar Baba ya kwashe mu a motar haya, muka yi yini guda cur a hanya zuwa haikalin da ke kudu maso gabas, muka durƙusa mu huɗu cikin fararen kaya aka hatimce mu. Bayan Baba ya rasu, wannan ne abin da ya riƙe Mama. Ba ta taɓa cewa ya mutu ba, cewa take yi ya riga ta tafiya. Ni kuma na yi shekara biyu ina aikin bishara a Ghana, na dawo na zama namijin gida. Zazzaɓi ko ciwon kai, ni Mama ke kira in ɗora mata hannu.

Da na zo Dubai na sami ɗaki a wani gida a Al Qusais, mu huɗu, sauran ukun duk Musulmi ne 'yan Kano. Ba mu taɓa samun saɓani kan addini ba, iyakaci su yi ta tsokanata cewa ban san daɗin duniya ba tunda ba na shan shayi. Na nemi 'yan cocinmu na same su, Filifinawa da Amurkawa da 'yan Ghana da mu 'yan Najeriya kaɗan. Ba a jima ba aka ba ni ajin manya in riƙa koyarwa. A garin shirya darasi ne na fara karanta tarihin cocin da kaina, ba daga bakin maƙiya ba, daga rubuce-rubucen cocin. Na san tun da cewa akwai zamanin da ba a ba baƙar fata matsayin firist, kuma ba a barin su shiga haikali, har ina da amsar da nake ba masu tambaya lokacin da nake Ghana. Amma ban taɓa zama na karanta irin dalilan da manyan wancan zamani suka riƙa bayarwa ba. Coci ta ce yanzu ba ta yarda da waɗannan dalilai ba, na ga wannan a rubuce, amma tambayar da ta tsaya mini ita ce, idan sun yi kuskure a wannan na tsawon shekaru haka, a ina kuma suka yi wani? Daga nan na shiga karatu kan yadda addinin ya faro, tambaya tana haifar tambaya.

Ba rana ɗaya bangaskiyata ta tafi ba. Na yi kusan shekara ina azumi da addu'a, ina roƙon Ubangiji ya mayar mini da abin da nake ji a da. Na je wurin shugabanmu na nan, ya saurare ni da mutunci, ya ce in yi haƙuri in ci gaba da zuwa. Na ci gaba na wasu watanni, ina tsayawa gaban aji ina faɗin abin da zuciyata ba ta amsa ba. Daga baya na ce aiki ya yi mini yawa, na ajiye ajin, sannan na daina zuwa gaba ɗaya. Akwai wani dattijo ɗan Ghana a cocin, direban motar wani kamfani, da ya ɗauke ni kamar ƙaninsa. Ya yi ta kira yana aiko saƙo, ban taɓa amsawa ba, har ya gaji ya bari. Na daina sa rigar ciki ta musamman da waɗanda suka shiga haikali ke sawa a ƙarƙashin tufafinsu. Wata rana da la'asar na tsallaka ruwa a kwalekwalen abra zuwa Bur Dubai, na tsaya a wani ɗan shago na sayi shayin karak, na sha a tsaye ina waige-waige kamar ɓarawo. Wanda ba ɗan cocinmu ba zai yi dariya, amma ni a ranar na san na fita.

Kuskurena na farko shi ne ban gaya wa kowa a gida ba. Mama takan kira ni ta bidiyo duk ranar ibada da rana, ta tambayi me aka koyar. Sai in tashi in sa farar riga in ɗaura naktaye, in zauna bakin gado in tsara mata darasin da ban je ba. Na san littattafan sosai, ƙaryar ba ta yi mini wuya. Takan ce in gaida 'yan'uwa, in ce za su ji. Haka na yi kusan shekara biyu. Ina gaya wa kaina cewa tausayinta nake yi, amma gaskiya tsoro ne. Kuma duk ranar da na cire rigar nan bayan kiran, haushi nake ji, haushin cocin da haushin kaina, har da na Mama da ba ta yi mini laifin komai ba. Haushin nan ya yi ta taruwa ban sani ba.

Ana haka aka gano ƙari a cikin Mama, likitoci suka ce sai an yi tiyata. A lokacin biza ba ta yi wa 'yan Najeriya wuya ba tukuna, sai muka shirya da Yaya da mijinta aka kawo ta nan. Yaya ce ta rako ta. Na kama musu ɗan gida mai ɗaki ɗaya da falo a Bur Dubai, kusa da asibitin, na ɗauki hutu na koma can da zama, ina kwana a falo. Mun yi kwana tara ana gwaje-gwaje. Ranar ibada ta zo a ciki, na ce Mama ba za ta iya doguwar tafiya ba, mu yi addu'a a gida. Ba ta yi musu ba. Tun ranar da na ɗauko su a filin jirgi na san za ta nemi in sa mata albarka kafin tiyata, domin ba ta taɓa shan ko allurar zazzaɓi ba tare da wannan ba. Kwana tara ina da damar in ja Yaya gefe in gaya mata, ko in kira wani daga coci ya zo. Ban yi ko ɗaya ba. Ina ta fatan ta manta.

Ranar da ta rage kwana ɗaya a kwantar da ita, bayan mun ci abincin rana, Mama ta shiga ɗaki ta fito da ƙaramar kwalbar mai ta Baba, wadda yake ratayawa a jikin makullinsa. Ta jawo kujera tsakiyar falo ta zauna, ta kwance ɗankwalinta ta ninke a cinya. Kanta duk furfura, ta rame. Ta miƙo mini kwalbar ta ce in zo in yi mata kamar yadda na saba. Na tsaya ina kallon kwalbar, na ce mata ba zan iya ba. Ta ɗauka tsoro nake ji saboda tiyatar, ta ce in daure, ba ni ke warkarwa ba, Ubangiji ne. Na sake cewa ba zan iya ba, ban cancanta ba. Sai ta yi ƙasa da murya ta tambaye ni ko mace ce, ko na fara shan wani abu, ta ce in ma haka ne ba abin da tuba ba ya wankewa. Yaya kuma daga ƙofar kicin ta ce dama ta lura tun zuwansu akwai abin da nake ɓoyewa, Dubai ta lalata ni.

Wannan tambayar ce ta tunzura ni. Na yi shekara ina kuka a gaban Allah, ga shi ana tambayata wace mace ce. Da na tsaya a kan cewa na daina gaskatawa, da abin ya zo da sauƙi. Amma sai na buɗe baki na zazzage duk abin da na tara na shekara uku. Na kawo tarihi, na kawo abin da aka faɗa kan masu irin fatarmu, ina ɗaga murya kamar ina gaban aji. Na ce man da ke hannunta mai ne kawai, da shi da na miya duk ɗaya. Na ce Turawa sun zo da labari sun ruɗi Baba, ya ƙare rayuwarsa yana wa ƙarya hidima. Yaya tana cewa in yi shiru, ban ji ba. A ƙarshe na faɗi maganar da har yau nake jin nauyinta. Na ce hatimin nan da take taƙama da shi ba komai ba ne, babu wanda zai mayar mata da Baba, ta daina jira.

Na faɗi wannan ga matar da za a yanka cikinta washegari, wadda likita ya riga ya gaya mata a gabana cewa aikin yana da haɗari a shekarunta. Mama ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki ɗankwalinta ta ɗaura a hankali, ta sa kwalbar a cikin jakarta, ta ce, “To, na ji.” Ta tashi ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Yaya ta dube ni ta ce in fita, kada ta sake ganina a gidan.

Na sauka na yi ta tafiya cikin rana har na isa bakin ruwa, na zauna a inuwar wani shagon yadi. A lokacin ban ji nadama ba tukuna. Wani sashe na zuciyata ma cewa yake yi ai gaskiya na faɗa, gara da aka huta. Ina nan zaune babban cikin abokan zamana na Al Qusais ya kira don ya ji jikin Mama. Mutum ne da ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, injiniya ne, Malam muke ce masa. Ya ji muryata ya tambayi lafiya, sai na gaya masa komai. Na yi zaton zai ce na kyauta da na bar wannan addini, ko ya fara kirana zuwa nasa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce shi bai san addininmu ba, ba zai sa baki a wannan ba, amma ya san uwa. Ya tambaye ni abin da tsohuwa ta nema, na ce addu'a irin tamu. Ya tambaya ko a duk Dubai ni kaɗai ne zan iya yi mata, na ce a'a. Ya ce, “To khalas, magana ta ƙare, me kake jira? Rigimarka da Allah taka ce, ka yi ta daga baya. Ita gobe za ta shiga tiyata.”

Na duba wayata na nemo lambar dattijon nan ɗan Ghana. Saƙonninsa na nan a jere, fiye da ashirin, ban amsa ko ɗaya ba. Na kira shi cikin kunya. Ya ɗauka ya gaishe ni kamar jiya muka rabu. Na gaya masa mahaifiyata tana nan, za a yi mata aiki, tana buƙatar albarka, ni kuma ba zan iya ba. Bai tambaye ni dalili ba, adireshi kawai ya nema. Kafin rana ta faɗi ya iso da wani tsoho Bafilifine, dukansu da kayan aiki a jikinsu. Na hau da su, Yaya ta buɗe ƙofa, ta ga baƙi sai ta kauce muka shiga.

Mama ta fito ta gaishe su, ta sake zama a kujerar ta kwance ɗankwali. Ta ba su kwalbar Baba. Na ja baya na tsaya jikin bango. Ɗan Ghana ya ɗiga man, suka ɗora mata hannu su biyu, tsohon ya fara addu'a da Turanci. Mama tana jin Turanci daidai gwargwado, amma harshen Bafilifinen ya yi mata nauyi. Ba ta buɗe ido ba ta ce da ni, “Ka faɗa mini abin da yake cewa.” Yaya tana tsaye a gefenta, ta fi ni iya Turanci ma, amma ni ta ce. Sai na matso na durƙusa kusa da kunnenta, tsohon ya faɗi jimla ya dakata, ni kuma in mayar da Hausa. Na gaya mata cewa Ubangiji ya san ta da sunanta, zai bi da hannun likitoci, cewa mijinta yana sane da halin da take ciki, cewa 'ya'yanta za su kewaye ta. Da bakin da na zage ta sa'o'i huɗu da suka wuce na faɗi waɗannan. Ban gaskata su ba, amma ban rage ko kalma ɗaya ba. A nan ne nadama ta sauko mini.

Washegari da aka kai ta asibiti aka auna jininta ya hau sosai, likita ya ce ba zai taɓa ta a haka ba. Aka ɗage aikin kwana uku. Likitan ya tambaya ko wani abu ya tayar mata da hankali, Yaya ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. A kwana ukun nan Mama ba ta yi mini maganar ba. Ina kawo mata ruwa ta karɓa, in gyara mata matashi ta ce sannu, shi ke nan. An yi aikin ya ɗauki sa'a biyar. Ni da Yaya muka zauna a ɗakin jira, kujera uku a tsakaninmu. Na so in yi addu'a, na rasa wanda zan kira da kuma yadda zan fara, sai na zauna kawai ina kallon ƙofa. Allah ya sa aka fito da ita lafiya, ƙarin kuma ba mai yaɗuwa ba ne.

Sun ƙara sati uku tana jinya. Kwana biyu kafin su koma, Yaya ta tafi kasuwar yadi sayen tsaraba, muka rage ni da Mama. Na durƙusa na roƙi gafararta. Ta ce in tashi in zauna, tana da magana. Ta ce tun kwana na uku da zuwansu ta sani, domin ita ta kwashe wankina daga kan igiya, ba ta ga rigar haikali ko ɗaya a ciki ba. Ta ce tun kafin nan ma ta fara zargi, saboda darussan da nake ba ta a waya sun cika tsari, ba na taɓa cewa wane ya yi tambaya ko wance ta haihu. Ta ce da ta miƙo mini man ta san halin da nake ciki, ta yi tunanin idan na ɗora hannu a kanta Ruhu Mai Tsarki zai taɓa ni in dawo. Ta ce wannan dabara ce ta yi mini, bai kamata ba, ita ma in yafe mata. Ban taɓa jin Mama ta nemi gafarar ɗanta ba sai ranar.

Sannan ta ce tambaya ɗaya za ta yi mini, in ba ta amsa tsakanina da Allah. Ta tambaya ko na tabbata ba za ta sake ganin Baba ba. Na ce mata ban sani ba, ban tabbata da komai ba yanzu. Ta gyaɗa kai ta ce, “Ban sani ba daban, abin da ka faɗa ran nan daban. Da wannan ka ce, da na iya ɗauka.” Daga nan ta shiga yi mini faɗa kan ramar da na yi da rashin aure, kamar ba abin da ya faru.

Shekara uku ke nan da wani abu. Ban koma coci ba, ban kuma shiga wani addinin ba. Na faɗi haka ne don kada wani ya ɗauka labarin tuba nake bayarwa. Ina nan da tambayoyina. Amma na koyi zama da mutanen gidanmu ba tare da na mai da kowace hira fagen muhawara ba. Mama takan ce ta sa sunana a cikin waɗanda ake wa addu'a a haikali, in ce na gode, kuma da gaske nake. Idan na je Jos hutu ina raka ta har ƙofar coci, wani lokaci in shiga in zauna a baya, ba na karɓar jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan da ake rabawa, ita ma ba ta matsa mini. Yaya ta yi wata takwas ba ta ɗaga wayata ba. Mun shirya daga baya, amma ba kamar da ba. Na lura ba ta barin 'ya'yanta su daɗe suna hira da ni mu kaɗai, kuma ban ga laifinta ba. Da babbar 'yarta ta yi aure a haikali bara, na je har can, na san ba zan shiga ba tunda sai mai takardar izini daga shugabannin coci. Na zauna a waje da dangin ango waɗanda ba 'yan cocin ba, aka fito muka ɗauki hoto. Ya yi mini ciwo, na kuma ga ya yi wa Mama ciwo. Dattijon ɗan Ghana kuwa yanzu muna haɗuwa lokaci-lokaci mu ci abinci a Deira, ya ba ni labarin jikokinsa, bai taɓa tambayata yaushe zan dawo ba.

Abin da na fahimta shi ne, fita daga bangaskiya ba shi ne laifina ba, domin ban zaɓe shi ba, kuma na yi iyakar ƙoƙarina in riƙe ta. Laifina biyu ne. Na ɓoye gaskiya lokacin da faɗinta zai yi ciwo kaɗan, sannan na fito da ita lokacin da za ta yi ciwo mafi tsanani, kuma na fito da ita don in rama, ba don a fahimce ni ba. Na ɗauki shekara uku kafin in kai inda na kai, ina karatu a hankali, ina da lafiya, ina da ƙuruciya. Amma na so tsohuwa mai ciwo ta yi wannan tafiyar cikin minti goma. Na kuma faɗi abin da ni kaina ban tabbatar ba, da murya irin ta mai tabbaci, don kawai in ci gardama.

Na san ba 'yan cocinmu kaɗai ke shiga irin wannan hali ba. A nan Dubai na haɗu da matasa daga gidaje iri-iri waɗanda zuciyarsu ta sauya a kan abin da aka rene su a kai, suna ta wasan ɓuya da iyayensu a waya. Shawarata gare su ita ce su nemi rana mai sauƙi, ranar da ba ciwo ba rasuwa ba biki, su faɗi nasu halin a taƙaice, su tsaya nan. Ka ce ga inda nake, ba sai ka rushe inda suke ba. Idan suka nemi wani abu na addini da ba za ka iya yi ba, ka nemo musu wanda zai iya, ba abin da zai rage maka. Iyaye kuma, idan ɗanku ya ce ya kasa, kada tambayar farko ta zama wane zunubi ya yi. Sau da yawa ya riga ya sha wahalar da ba ku gani ba.

Mama ta yafe mini, ta faɗa da bakinta fiye da sau ɗaya. Amma a bikin nan na bara, Yaya ta gaya mini wani abu da Mama ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ce Mama ta ce mata, a da idan ta durƙusa ta tuna Baba, hankalinta kwance yake ɗari bisa ɗari, amma tun daga wannan rana, wani lokaci tana cikin addu'a sai ta ji muryata tana cewa ta daina jira, sai ta dakata ta sake farawa. Shekararta saba'in da ɗaya. Na roƙi gafara an ba ni, na gyara abin da zai gyaru, amma wannan muryar ni na sa mata ita, kuma ban san yadda zan cire ta ba.